Linux na Ƙwararru

"Kyamara ta kawo! Wallahi ta kawo!" Na daka tsalle har na kifar da kofin shayi.

Tun da na gano Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kyauta ne, kuma iri-iri ne, laftof ɗin gidanmu ba ta sake hutawa ba. Yau in ɗora wannan, jibi in goge in ɗora wancan. Wani ya kashe sauti, wani ya ƙi ganin firinta. Na jiya kuwa kyamara ya makantar, ga shi matata za a yi mata intabiyun aiki ta bidiyo da la'asar.

Da safe ta ɗauke laftof ɗin ta shige ɗaki. Can ta fito ta dire min ita. "Baban yara, gwada wannan."

Fuskar laftof ɗin baƙa wuluk, ga gudu kamar walƙiya. Kyamara tar, sauti raɗau. Firinta ma ta farka tana tari. Nan take na ɗauki hoto na tura wa abokaina, na rubuta: "Na samo na ƙwararru!"

"Ke, don Allah ya sunansa? A ina kika tono shi?"

Tana gyara mayafi a gaban kyamara, ko kallona ba ta yi ba.

"Na farkon nan ne, wanda ka goge ka ce na 'yan koyo ne. Hoton bango kawai na mayar baƙi. Kuma kar ka wahalar da kanka, na canza lambar sirri."