Ƙauyen Iya Kande a Cikin Tabarau

Tun da ruwa ya cinye ƙauyuka ake ba kowane tsoho hoton ƙauyensa a cikin tabarau, in ya sa sai ya ga kansa yana yawo a ciki. Talatu ce ke shimfiɗa wa mahaifiyarta nata, murabba'i bayan murabba'i: in Iya Kande ta ɗaga ƙafa sai ƙasa ta fito gabanta, ta baya ta ɓace.

Ran nan Iya ta ce za ta rafi. Talatu ba ta gama zana hanyar ba, sai ta yi ta maimaita murabba'i ɗaya.

"Talatu, tsamiyar nan sau uku ina wuce ta."

"Zan gyara, Iya."

"Bar min su. A garinmu ɗaya ce, ita ma sare ta aka yi."

Ta ƙarasa inuwar ta huɗu ta zauna.