Mai Takunkumin Fata

Tun kafin alƙalin wasa ya cilla ƙwallo sama, Kazimir Pawlak yake bin layukan 'yan kallo da ido, yana neman wata hula ruwan ƙasa.

A allon sunaye babu wani Kazimir. Eddie Shaw aka rubuta, ɗan ƙungiyar Garejin Brandt. Jan gashinsa ma an shafe shi da baƙin man takalmi, kuma tun ba a fara ba gumi ya soma gangaro da shi bayan kunnensa.

Haka ake yi a Chicago a lokacin. In sanyi ya fara ja baya, wata jarida kan gayyato ƙungiyoyin ƙwallon kwando masu wasa don kuɗi, su kara a babban zaure. Wanda aka ci sau ɗaya ya kama hanyar gida. Don haka manajoji kan lallaɓa kwalejoji su ɗauko yara masu hannu, su laƙa musu sunan aro. Kowa ya sani, kowa ya kau da kai. Amma ɗalibin da aka kama ya karɓi ko dala ɗaya, tallafin karatunsa ya ƙare ke nan.

A unguwarsu ta masu narka ƙarfe, Kazimir ne na farko da ya taɓa shiga kwaleji. Ranar da zai tafi, tsohonsa, mutumin da ko a jana'iza ba ya hawaye, ya yi kuka a tasha.

Mai hular kuwa Koci Lindqvist ne, mai horar da su a kwaleji. Kullum cikin kwat, gashin baki kamar tsintsiya, ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa. Bara ya kori yara biyu a kan irin wannan laifi. In ɗalibi ya tsaya jifan kyauta, magana ɗaya yake da ita: “Gwiwa, yaro. Ba da kafaɗa ake jifa ba.” Shi ya koya wa Kazimir wani jifa na hagu, na bayan kai, wanda duk jihar babu mai irinsa.

Ranar da Kazimir ya sauka a Chicago, ya hangi hular nan tana fitowa daga taragon gaba na jirgin ƙasan da ya kawo shi.

Shi ya sa duk wasannin baya ya yi su da hannun dama kawai. Man takalmi zai iya ruɗar mutum daga nesa, amma jifan hagun nan, ko daga rufin zaure Lindqvist ya gan shi zai gane mai shi.

“Kai, ɗan kwaleji,” in ji Brandt, manajansu, yana taunar guntun sigari. “Budurwa kake nema a can sama? Kwandon yana nan ƙasa. Ni hagunka na ɗauko, wannan damar taka ko matata ta fi ta.”

Wasan ƙarshe ne, da ƙungiyar kamfanin kwal na Mercer. Wanda suka sa ya tsare Kazimir wani ne wai shi Dutch Miller, da ya sa takunkumin fata daga goshi zuwa hanci, irin na waɗanda aka taɓa karya wa karan hanci. Ba yaro ba ne, numfashinsa ma ya nuna. Leɓensa na sama fari fat, kamar bai saba da iska ba. Bai ce uffan ba tun da aka fara.

Sai dai mutumin ya zame wa Kazimir ƙarfen ƙafa. In ya yi kamar zai bi dama, Dutch ba ya ko motsi. In ya juya, ya tarar da shi a gabansa. Duk wata dabara da ya kwana biyu yana ji da ita, sai ka ce an riga an karanta wa mutumin ita.

Hayaƙin taba ya rufe fitilu. Kazimir ya ci gaba da satar kallon benaye. Huluna ruwan ƙasa sun fi a ƙirga, kowace kuma sai gabansa ya faɗi.

Aka zo dab da tashi, 'yan Mercer suna gaba da maki ɗaya. Ƙwallo ta faɗo hannun Kazimir a ƙarƙashin kwando. Dama a toshe. Brandt yana ta ihu daga benci, abokan wasansa, magidanta masu jiran wannan nasara tun farkon hunturu, duk sun zuba masa ido.

Ya tuna tsohonsa a tasha. Duk da haka hannun hagu ya tashi da kansa.

Dutch ya riga shi zuwa can. Ya doke masa hannu, usur ya tashi, lokaci ya cika. Alƙali ya ba Kazimir jifan kyauta biyu.

Kazimir ya tsaya a layi, baƙin gumi na ɗiga a rigarsa. Ya san ya tona kansa. Ko ina Lindqvist yake zaune, ya gani. Ya jefa na farko a tsaye ƙiƙam, ko gwiwa bai lanƙwasa ba. Ƙwallon ta daki bakin ƙarfe, ta yi tangal-tangal, da ƙyar ta faɗa ciki. An yi kunnen doki.

Alƙali ya miƙo masa ƙwallo. Kazimir ya ɗaga kai karo na ƙarshe yana neman hular, bai gan ta ba.

Dutch Miller, da ke tsaye kusa da shi a gefen layi, ya sunkuya kamar mai gyara igiyar takalmi. Ya yi magana ƙasa-ƙasa ba tare da ya kalle shi ba, cikin takaicin wanda ya kasa haƙuri.

“Gwiwa, yaro. Ba da kafaɗa ake jifa ba. Kuma ranar Litinin a kwaleji, ban gan ka ba, kai ma ba ka gan ni ba.”