Ministan Kwano Ya Dawo

Sau uku Mzee Wanyonyi yana tashi daga bencin kamfanin fim yana komawa, buhun da ke gefensa sai ƙarar kwano yake. Rigar da ya sa shekara arba'in baya ce a ciki, lokacin da ya fito a Ministan Kwano, mutum-mutumin da ya sauko daga wata duniya ya kori ma'aikatan Nairobi kaf da magana ɗaya: "Je ka gida ka huta." Har gobe 'yan kamashon motocin haya na matatu da ita suke tsokanarsa.

Yanzu za a yi kashi na biyu. Makon jiya ma an naɗi muryarsa.

Nyokabi, daraktar, ta leƙo. "Mzee, ba a yi maka waya ba?"

"Wayar me, 'yata? Ga rigata, har yanzu tana yi mini daidai!"

Ta sunkuyar da kai. "Kwamfuta ce za ta fito a ministan."

"Kwamfuta! Ta iya maganar? To ta faɗa in ji!"

Da ƙyar Nyokabi ta danna wayarta. Muryarsa ce ta fito tas, kamar yana ɗan talatin:

"Je ka gida ka huta."