Rubutun Bakin Zanena

Rubuta yadda na faɗa, 'yata. Mun taso a ƙafa daga Kipungani za mu Maulidin Lamu, muna bin gaɓar teku ƙauye bayan ƙauye. Famau mai gyaran jiragen ruwa, wanda ya aiko wajen yayana neman aurena bayan rasuwar babanku, yana cikin ayarin, amma ko kallona bai yi ba. Na ce shi ke nan, ya fasa.

A tashar jiragen ruwan Lamu na tare shi.

"Bwana Famau, bakinka ciwo yake yi?"

Ya sunkuyar da kai, ya kira sunana cikin girmamawa. "Bi Mwanaesha, ai na ga amsarki. Na haƙura."

"Wace amsa?"

Ya nuna da haɓa rubutun da ke bakin zanena mai furanni. "An rubuta, kada ka wahalar da kanka, ba taka ba ce."

Innalillahi! Ni da ban san boko ba!

"Bawan Allah, furannin na gani na saya!"

Ya daɗe yana kallona, sai dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Na ja mayafi, ina hamdala a raina.

"To wane iri zan sayo miki?"

"Marar rubutu," na ce. "Amsa kuma tana wajen yayana. Ya gaji da jiranka."