Hannun da Ya Saki Makara

Tun da aka daina sallamar masu karaya sai da munduwar asibiti a hannu, ba mai tsallake motsa jiki. Ƙarfe huɗu na yi, munduwar za ta buɗe yatsun mutum, ta murza wuyan hannunsa sau talatin, ko ya so ko ya ƙi.

Malam Tanimu, wanda aka yi wa aiki wata guda da ya wuce, ya faɗo ɗakin gashin ƙashi ko sallama babu.

"Cire mini wannan tsiyar!"

"Baba, saura kwana tara," in ji Ladidi, ma'aikaciyar jinya.

"Jiya muka kai yayana makwancinsa. Na kama makara da hannun dama, kamar kowane ɗan'uwa. Huɗu na bugawa, abin nan ya buɗe mini yatsu. Ba don maƙwabta sun tare ba, da Yaya Haladu ya faɗi ƙasa! Jama'a na salati, hannuna na ta juyi kamar mai tsayar da mota. Yau matarsa ko gaisuwata ba ta amsa ba."

"Da kun nemi uzuri kwana biyu kafin nan..."

"Kwana biyu kafin ya mutu?"

Ladidi ta ɗauko mabuɗi, ta kwance munduwar, ta ajiye. Ya shafa fatar da ta koɗe, ya miƙe yana huci.

Agogon bango ya buga huɗu. Munduwar na kwance a tebur, amma yatsun Malam Tanimu suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, hannun ya fara juyawa.