Sakatar Ɗakin Ƙurya

Yana tura ƙofar ɗakin ƙurya ya tsaya cak. Gidansa ne, shi ya gina shi a gefen garin Tsafe don haya, kuma ya san bai toshe tagar nan da bulo ba.

Wata uku ke nan da dillali ya kawo masa ɗan hayar, wai mai sayar da albasa ne, shi kaɗai. Dokar unguwar ita ce a kai duk baƙo gaban mai unguwa a san asalinsa. Shi dai bai kai shi ba, don mutumin akwai ladabi, har durƙusa masa yake yi.

Yau rufi ya zo dubawa kafin damina. Ga tabarmi huɗu a ƙasa, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya. Sai ya lura an cire sakatar ƙofar daga ciki, an mayar da ita waje.

"Baba, ai da ka kira ni," in ji ɗan hayar daga bayansa, hannunsa a kan sakatar. "Shiga mana ka duba da kyau. Wa ya san ka taho?"

Ko matarsa bai gaya wa ba.