Mutumin da Ba Ya Saye

Mutumin ya sake dawowa. Ari mai hatsi ya hango shi tun daga layin masu bandar kifi, da farar rigarsa da waya a hannu.

Tun bayan ambaliyar da ta cinye shinkafar fadama mutumin yake zuwa kasuwar Haɗejia, duk wata ba fashi. Ya tsaya a rumfar Ari ya tambayi kuɗin tiyar gero, da ta shinkafa, da ta wake. Ba ya tayawa, ba ya saye. Sai ya latsa waya, ya yi godiya, ya wuce rumfa ta gaba.

Da farko babu wanda ya kula da shi. Sai da aka sace wani dillalin hatsi a hanyar Malam Madori, aka ce masu garkuwar sun san cinikinsa kamar a rumfarsa suke yini. Daga ranar Ari bai ƙara samun nutsuwa ba. Gidansa a bakin gari yake, ruwa ya rushe rabin katangar, ga mata ga yara.

Safiyanu, shugaban layin masu hatsi, ya tara su a bayan buhuna. Ya ce, "Wannan ɗan leƙen asiri ne, ƙarfin kowa yake aunawa. In ya tambaya ku karya masa farashi, ya ɗauka kasuwar ta mutu, babu abin nema a wurinmu."

Haka aka yi. Gero yana hawa, su suna ce masa ya sauka. Kowane zuwa sai sun ƙara ragewa. Mutumin yakan tsaya ya ƙura wa wayar ido, ya ce, "Baba, ka tabbata?" Ari ya gyaɗa kai.

Yau bai wuce ba. Ya matso har cikin rumfa, ya rage murya.

"Baba, ba ni cikakken sunanka da unguwarku. Manyana suna son su zo su gan ka da kansu."

Ari ya zabura ya miƙe. Bai san lokacin da ya kurma ihu ba: "Jama'a! Ɓarawon mutane!"

Kasuwa ta hargitse. Kafin mutumin ya buɗe baki an kai shi ƙasa, farar rigar ta koma launin turɓaya. Wani ya ɗauko icce, wani yana cewa a kawo taya. Da ƙyar 'yan sintiri suka ƙwace shi, suka jefa shi cikin rumfar Ari, suka tare ƙofa da jikinsu.

Yana haki, jini na zuba a leɓensa, ya ce sunansa Abdulfattah, ma'aikacin ofishin ƙididdiga ne. Aikinsa ya bi kasuwanni ya ɗauki farashi, don a san yadda tsadar rayuwa ke hawa. Babban 'yan sintiri ya duba katinsa na aiki, ya ce gaskiya ne.

Ari ya ce, "To, me manyanka ke nema a wurina?"

"So suke su ga abin mamaki da idonsu, Baba. Duk yankin nan, kasuwarku kaɗai ce abinci ke ta araha tun bayan ambaliya. Shi ya sa ma aka juya motocin hatsin tallafi zuwa wasu garuruwa."